RAMIN GISHIRI DA GAWAYI

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo tun da sassafe wai na bar Malama Balkisa tsaye da bido, jarkar ruwa, a hannu, ku sassauta mini, ni ma ina da tukunya a kan wuta. Ga ta nan inda muka bar ta, ku matso.

Ruwan bai gama sauka cikin ramin ba Balkisa ta ji ƙugin mota a bayanta. Ba ta juya ba. A Yamai ta shekarar fari, ko yaron goye ya san kukan motar soja. Ta ƙarasa tsiyaye bidon, ta rufe bakinsa, sannan ta miƙe tana goge hannu da gefen mayafi.

Sojoji suka diddiro, biyu daga cikinsu riƙe da shebur. Babbansu ya fito daga gaban mota a hankali, dogo ne mai siririn gashin baki. Da Faransanci ya fara yi mata magana, ita kuwa ta mayar masa da Hausa, sai shi ma ya sauko.

"Ke ce Madam Balkisa, malamar shimi, mai koyar da sinadarai?"

"Ni ce."

"Kapitan Yakuba. Me kika binne a nan?"

"Gishiri da gawayi da sandar jan ƙarfe."

Kapitan ya ɗaga gira. Ya zo da shirin musu, sai ga shi an miƙa masa amsa ba ja-in-ja.

"Abin da aka gaya mana ke nan, ba ragi ba ƙari."

"To wanda ya gaya muku bai yi ƙarya ba."

"Ya ce kuma kullum safiya kina ba ramin ruwa kina motsa baki."

"Bisimilla nake yi, Kapitan. Ko ita ma sai da izini yanzu?"

Bakin Balkisa ke nan. Ƴar Tawa ce, ba ta iya haɗiye magana ba, kuma zaman Faransa bai rage mata komai ba. Amma kada bakin ya ruɗe ku, gabanta faɗuwa yake yi, don ta san abin da ke bayan tagar da take tsaye a gindinta.

Bayan tagar nan labo ɗinta ne, ɗakin gwaje-gwajen da jami'a ta ba ta, kuma a cikinsa ordinater yake, wato kwamfuta. Ku ƴan zamani masu latsa waya kuna kwance, kada ku yi dariya. A lokacin, injin nan shi kaɗai ne irinsa a duk sashen kimiyya. Malamanta na can Faransa ne suka ba da shi kyauta don a riƙa lissafin sinadarai da shi, ita kuma ta ajiye aikinta mai kyau ta biyo akwatunansa zuwa gida. Sai ƙasar ta ƙi karɓar baƙo. Kowane inji irin wannan yana da wayar da ake kaiwa ƙasa, don kuran, wato wutar lantarki, da ya ɓace hanya ya bi ta ya nutse. To fari ya gasa ƙasar Yamai har ta koma kamar gindin tsohuwar tukunya, ba ta shan komai. Kuran ya rasa wurin zuwa, ya juya ya ƙone allon cikin injin tun a makon farko. Allon da ke ciki yanzu shi ne na ƙarshe, kuma masu kyautar sun gaya mata ƙarara cewa idan ya sake ƙonewa, ko aikin ya tsaya, za su kwashe kayansu su kai wata ƙasa ta bakin teku.

Shi ya sa ta haƙa rami ta kafa sandar jan ƙarfe, ta kewaye ta da gishiri da gawayi don su riƙe danshi. Ruwan kuma ba na jami'a ba ne. Ruwan alwalarta ne da na ɗaurayar kwanuka take tarawa a gidanta na Talaje, ta ɗaura bidon a bayan mobilet, ɗan babur ɗinta, ta tsallako gada tana kallon kogin da ya koma rairayi har mutane na ratsa shi da ƙafa.

Gari kuwa ba haka ya fahimta ba. Mace mai karatun Nasara, ga gishiri, ga gawayi, ga jan ƙarfe, ga ruwa kullum safiya. Tun juyin mulkin nan da bai yi nasara ba, wanda aka yi ta raɗe-raɗin bokaye da layu a kansa, babu abin da ke hana soja barci kamar a ce an binne wani abu.

"Sarjan Isaka," in ji Kapitan, "ku tone."

Balkisa ta taka ta tsaya a bakin ramin.

"Kapitan, inji shina kunne. In kuka tuge sandar ga, ya mutu."

"Inji ne ko jinjiri?"

"Jinjiri ya fi shi ƙwari."

Wani soja ya yi dariya, Sarjan ya harare shi ya haɗiye.

Daidai nan Malam Shu'aibu ya leƙo daga ƙofar labo. Shi ne mataimakinta, Bamarade mai sanyin hali, da shi suka ja kowace waya ta ɗakin nan. Yana ganin kaki ya tsaya cak kamar an dasa shi. Balkisa ba ta yi mamaki ba. Ƙaninsa Abdulaye na cikin ɗaliban da soja suka kwashe tun yajin karatun bara, har yau babu wanda ya san barikin da yake.

"Wane ne wannan?"

"Abokin aikina ne. Shi da allon rubutu yake, babu ruwanshi da rami."

"Wa ya haƙa?"

"Ni na sa aka haƙa, ni na cika shi da hannuna, ni ke ba shi ruwa."

Kapitan ya dube ta, ya dubi wayar da ta fito daga ƙasan taga ta shige ramin. Ya sa ƙafar takalminsa ya ɗan taɓa ta.

"Ga yadda za a yi. Su za su tona kewaye, ba za su taɓa sandar ba tukuna. Ke kuma ki shiga ki nuna mini abin da wannan inji yake yi da har ya cancanci a shayar da shi, alhali shanu na mutuwa a bakin kogi. Idan ban ga komai ba, sanda da inji duka bariki za su kwana."

Balkisa ta dubi tagar labo. Ba ta da abin nunawa. Tun da aka sauya allon injin, aikinsu ɗaya ita da Shu'aibu: cusa wa injin manhajar lissafi, faifai bayan faifai. Disket ake ce musu, wasu baƙaƙen fayafai masu laushi kamar fatar da aka jeme. A sa wannan, inji ya yi gurnani ya tofar, a sa na gaba. Sau da yawa sai an kusa ƙarshe ya rubuta cewa ya sami kuskure, a koma farko. Na ƙarshen sai da safiyar nan ya shiga lafiya. Ba su taɓa ba shi lissafi ko ɗaya ba.

"Bisimilla," ta ce. "Amma sai kun tuɓe takalmi."

"Masallaci ne?"

"Ƙasan takalminku roba ne, shina tara kuran a jiki. In kuka taɓa inji da shi, ya ji."

Kapitan ya dubi ƙafarsa. Sannan ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa. Wallahi da a ce ana ɗaukar hoto a lokacin, da wannan ya zaga gari: kapitan na soja da safa mai huda a babban yatsa, yana shiga ɗaki a bayan mace. Sojan da ya biyo shi da bindiga shi ma ya tuɓe.

Ɗakin duhu-duhu ne, an toshe tagogi da labule mai kauri saboda zafi. A kan tebur ga akwatin ƙarfe ruwan toka yana huci a hankali, a kansa ga gilashi mai kama da na talabijin, baƙi ƙirin, sai wani ɗan ɗigo tsanwa a kusurwa yana ƙiftawa.

"Me yake jira?" in ji Kapitan, muryarsa ta ragu ba tare da ya sani ba.

"Tambaya."

"Yana jin Hausa?"

"Lamba kaɗai yake ji."

Balkisa ta zauna. Ta yi tunanin abin da za ta ba shi wanda soja zai gane, idonta ya faɗa kan mayafinta, rinin gida ne da innarta ta aiko mata.

"Kapitan, kun san baba? Wanda ake rini da shi?"

Wani abu ya gifta a fuskarsa.

"Na san shi."

"Abin da ke ba shi launi, ƙwayoyin zarra ne da Allah ya jera a wani tsari, kamar yadda ake jera tubali. Zan gaya wa inji tsarin kaɗai: wannan na riƙe da wannan, wancan na riƙe da wancan. Ba zan gaya mishi sunan abin ba, ba zan gaya mishi launi ba. Bai taɓa ganin rawani ba, ido ma ba shi da shi. Shi zai lissafa ya ba mu lamba. Ga takardar launuka can a bango, ku da kanku za ku duba inda lambar ta faɗa."

"In ya ce ja fa?"

"Sai ku ɗauke shi, ni ma ba ni da amfani da shi."

Shu'aibu ya zana tsarin a allo da alli, yana karanto mata lambobi, muryarsa can ƙasa. Ita tana bugawa. Daga waje ana jin shebur na cin ƙasa, kowane sara sai ta ji shi a ƙirjinta. Da ta gama ta yi bisimilla a fili, ta danna.

Ɗigon ya ɓace.

Gilashi ya yi baƙi, babu komai.

Shu'aibu ya runtse ido. Balkisa ta ƙura wa gilashin ido. Wannan baƙin ta san shi, shi ta gani ranar da allon farko ya ƙone.

"Ya mutu?" in ji Kapitan.

Ta kara kunne kusa da akwatin. Can ciki ta ji wani ɗan ƙas-ƙas, kamar ɓera a cikin rumbu.

"Shina tunani."

Sai ga layi ɗaya ya fito, tsanwa shar. Sai na biyu. Sai suka ɓalle, lambobi na hawa daga ƙasa suna turo na sama, jere bayan jere, da saurin da ido ba ya iya bi. Hasken ya zuba a fuskokinsu. Sojan da ke bakin ƙofa ya ja da baya yana karanta abin da ya zo bakinsa.

"Duk wannan shi yake yi?" Kapitan ya tambaya.

"Shi kaɗai."

"Da mutum ne fa?"

"Na taɓa gwada ƙaramin irinshi da hannu ina ɗaliba. Damina ta shiga ta fita ban gama ba, kuma a ƙarshe kuskure na yi."

Kapitan ya jawo kujera ya zauna ba tare da an ce masa ba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Balkisa kuwa ta manta da shi, ta manta da shebur. Tun da ta dawo tana ba ɗalibai labarin wannan abu da alli, suna gyaɗa kai don kunya, ga shi yau yana gudana a gabanta, a hayin kogi, a garin da ruwan sha ya zama abin rabo. Daɗi ya cika ta har ta ji tsoron kada ta yi kuka a gaban soja.

Kwatsam injin bugawa da ke gefe ya fasa ƙara, ƙiiii, kamar ana yage sabon yadi. Sojan ƙofa ya ɗaga bindiga.

"Sauke, kai," in ji Kapitan ba tare da ya juya ba.

Takarda ta fito. Balkisa ta yage ta, ba ta duba ba, ta miƙa masa.

"Layin ƙarshe."

Ya karanta. "Ɗari shida da ɗan ɗoriya."

"Ga bango."

Ya tashi da safarsa ya je gaban takardar launukan. Ya ɗora yatsa a kan lambobi yana bi, ya wuce ɗari huɗu, ya wuce ɗari biyar, ya tsaya. Ya gangaro da yatsan zuwa launin da ke ƙasa.

Shuɗi.

Ya sake duba lambar da ke takardar hannunsa.

"Allahu akbar," in ji sojan ƙofa a hankali.

Shu'aibu ya zauna a ƙasa daɓas ya rufe fuska. Balkisa ta yi hamdala. Ya yi. Abin ya yi.

Amma Kapitan bai juyo ba tukuna. Da ya juyo, idonsa ya ƙanƙance.

"Kin san amsar tun farko, Madam. Kowa ya san baba shuɗi ne. Wa ya sani ko kin ɓoye masa ita cikin lambobin?"

"Ku kawo taku tambayar."

"Zan kawo." Ya dawo ya tsaya a kanta. "Ubana marini ne a Damagaram. A bakin karofi na tashi, hannuna bai rabu da shuni ba sai da na shiga soja. Akwai abin da duk ɗan marina ya sani. Baba yana cikin rami, kafin iska ta taɓa shi, ba kamarsa ɗaya da wanda kike yafe da shi ba. Tambaye shi launin da yadi ke fitowa da shi daga ramin."

Balkisa ta san a littafi cewa sinadarin yana sauya tsari a cikin rami, yana ɗaukar ƙwayoyi biyu na idrojan, iska ce ke ƙwace su. Amma ko injin zai iya gane bambancin ƙwaya biyu cikin wannan tari, wannan ba ta sani ba. Ta faɗa masa gaskiya.

"Ban taɓa gwadawa ba. Zai iya kuskure."

"Gwada."

Ta tashi da kanta ta karɓi alli, ta ƙara ƴan alamu biyu a zanen da ke allo.

"Shi ke nan abin da kika sauya?"

"Shi ke nan."

"Wannan ɗan abin?"

"Ku zo ku danna da hannunku, don kada ku ce na yi mishi raɗa."

Kapitan ya goge tafinsa a wando. Mutumin da ya saba da kunamar bindiga, sai ga yatsansa na shawagi a kan maɓalli kamar mai shirin taɓa garwashi. Ya danna.

Lambobi suka sake ɓallewa. Sojan ƙofa ya jingine bindigarsa ya matso. Kapitan ya tsuguna har fuskarsa ta kusa taɓa gilashin, hasken tsanwa na gudu a cikin idonsa. Da injin bugawa ya yi ƙararsa, shi ya yage takardar, shi ya kai ta bango.

Yatsansa ya koma baya, baya, ya tsaya wajen ɗari huɗu. Ya gangaro.

Ɗorawa.

Bayansa gare su yake. Da ya yi magana, ba muryar da ya shigo da ita ba ce.

"Haka yake fitowa. Ɗorawa, da ɗan tsanwa-tsanwa. Sai tsoho ya ɗaga shi ya girgiza, kana kallo yana juyewa a hannunsa, har ya zama shuɗi." Ya juyo. "Ina yaro na tambaye shi me ke juya shi. Ya ce ikon Allah, ya ce in kama bakin yadi in daina surutu."

"Bai yi ƙarya ba," in ji Balkisa. "Mu dai muna leƙen yadda ikon yake tafiya."

"Ƙwaya biyu."

"Biyu."

"Kuma wannan akwati, da bai taɓa shaƙar warin karofi ba, ya sani."

"Bai sani ba, Kapitan. Lissafawa ya yi. Abin a rubuce yake cikin halittar tun farko, shi dai ya karanto."

Kapitan ya ninke takardar da kyau ya sa a aljihun ƙirji.

"Ban da rini, me zai iya?"

"Maganin fara, maganin zazzaɓi, takin da zai dace da ƙasarmu. Kafin a kashe shekaru ana gwaji a kwalba, shi zai nuna inda za a fara nema. Ɗiyanmu za su koya nan, ba sai sun tafi ƙasar sanyi ba."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi injin kamar yadda ake duban babban malami, har da ɗan sunkuyar da kai.

"Malama," ya ce, kuma kun ji Madam ta faɗi a hanya, "ruwa nawa ramin nan yake sha?"

"Bido guda."

"Daga gobe motar ruwan bariki za ta riƙa biyowa ta nan." Ya nufi taga ya ɗaga labule. "Sarjan, ku mayar da ƙasa, ku..."

Bai ƙarasa ba. Sarjan Isaka ba ya bakin ramin. Yana bakin ƙofar labo, da takalminsa da komai, ya riƙo wani abu a kan shebur, ya miƙe hannu nesa da jikinsa.

"Mon kapitan. A gindin sandar muka same shi, ƙarƙashin gawayi."

Ƙahon rago ne, an ɗinke bakinsa da jar fata, an naɗe shi da baƙin zare. Danshin ramin ya sa fatar ta kumbura.

Balkisa ta miƙe tsaye. Ba ta taɓa ganinsa ba.

"Farke shi," in ji Kapitan.

Sarjan ya karanta wani abu, sannan ya sa wuƙa. Ya zazzage a kan siminti. Wani ƙyalle ya faɗo, an soke shi da allurai. Kaki ne, irin na jikinsu, har da maɓallin soja a jiki.

Sojan ƙofa ya ɗauki bindigarsa.

Balkisa ba ta yi niyyar duban Shu'aibu ba, idonta ne ya tafi da kansa. Yana nan zaune a ƙasa inda murna ta zaunar da shi, amma fuskarsa ta koma kamar toka, leɓensa na motsi ba sauti. Nan take ta gane. Ranar da mobilet ɗinta ta lalace, shi ya karɓi bidon ya ce ta huta. Mutum ya zaga bariki-bariki neman ƙaninsa an kore shi, ya je wurin wani malami an ba shi abin da zai sassauta zuciyar masu kaki, an ce ya binne inda ba ya rabuwa da danshi. A Yamai ta bana, ina ne ba ya rabuwa da danshi in ba raminta ba? Ta ji tausayinsa, ta kuma ji haushinsa.

Ta janye idonta da sauri. Amma Kapitan ba yaro ba ne.

Ya sa Sarjan da sojan su fita su jira shi. Ya rufe ƙofa. Ya rage su uku, da inji na huɗu yana hucinsa.

"Malama, ki saurare ni da kyau. Mutanena sun gani, ba zan iya cewa ba a gani ba. Dole in koma da mutum." Ya yi magana a hankali, yana kallonta ita kaɗai. "Idan mai ɗakin ce ta binne, ɗakin ya zama wurin laifi. Zan rufe shi in sa hatimi, babu mai shiga, babu mai kunna komai, sai ranar da aka gama bincike. Kin san yadda bincikenmu yake daɗewa."

Ta sani.

"Idan kuwa wani ne ya yi a bayan idonki, shi kaɗai zan ɗauka. Ke ki zauna da injinki, ruwa ya zo miki gobe." Ya ɗan matso. "Ba na son in rufe ɗakin nan. Wallahi ba na so. Abin da na gani yau ban taɓa ganin irinsa ba. Ki ba ni suna."

Balkisa ta dubi gilashin. Ɗan ɗigon ya dawo kusurwarsa yana ƙiftawa, yana jiran tambaya ta gaba. Tana da tambayoyin da za su ishe shi shekara goma. Ta tuna uwar Shu'aibu can Maradi, wadda aka riga aka ɗauke wa ɗa guda.

Shu'aibu ya yunƙura zai tashi. "Kapitan, ni..."

"Malam Shu'aibu, ba da kai ake ba," ta katse shi da tsawar da bai taɓa ji daga bakinta ba. "Goge allo."

Ta koma ta zauna a gaban injin. Ta buga umarnin da ke sa shi ya tattara kansa kafin a kashe shi, don ba a yanke masa kuran haka kawai. Ya yi ɗan ƙas-ƙas ɗinsa, ya rubuta mata cewa ya shirya. Ta zura hannu bayan akwatin, yatsanta ya sami maɓallin, ta tsaya kamar numfashi biyu. Sannan ta danna.

Hucin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Hasken tsanwa ya tattaru a tsakiyar gilashi ya ɓace.

Ta lulluɓe shi da zanen da take rufe shi da shi, ta gyara mayafinta, ta juyo.

"Na gaya muku tun a waje, Kapitan. Ni na cika ramin da hannuna. Ni na binne."

Kapitan Yakuba ya dube ta, ya dubi Shu'aibu da ke tsaye da tsumman goge allo yana kuka ba sauti. Ya sa hularsa. Ya buɗe ƙofa, zafin rana ya faɗo cikin ɗakin. Da ta zo wucewa ta gabansa, ya yi magana yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ƙarya kike yi, Malama, kuma na san ƙarya kike yi."

Ya ɗaga murya.

"Sarjan, kawo kwaɗo da hatimi. A buɗe mata gaban mota."